Amsoshin Tambayoyinku: Hoton Bakin Ruwa Daga La'asar Sakaliya Zuwa Almuru

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum ya je bakin ruwa da yamma, idonsa ya ga abin sha'awa, ya dawo gida ya buɗe hoton ya ga ba shi ba ne. Daga nan sai tunanin kashe kuɗi ya taso. Mun zaɓi guda shida.

Wani ɗalibi daga Kabuga: Assalamu alaikum. Sau biyu ke nan muna zuwa dam ɗin Tiga da abokaina don in ɗauki faɗuwar rana a kan ruwa da wayata. Ido yana ganin ja da ruwan zinare, amma a hoto sama sai ta fito fari fat, ƙasa kuma baƙi ƙirin. Na ɗan tara kuɗi. In canza waya ne ko in sayi kyamara?

Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, ajiye kuɗinka tukuna, domin wannan matsalar ko kyamarar miliyoyi ka riƙe za ta yi maka ita. Idon mutum yana sauya awo nan take: ya kalli sama ya tsuke, ya kalli inuwa ya buɗe. Waya kuwa awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya. Idan ta auna da duhun gaɓa, sai ta ƙara haske, sama ta ƙone. Abin da ya ƙone ya zama fari ba ya dawowa ko da wace manhaja, amma duhu ana iya ɗaga shi daga baya. Don haka kullum sama ake auna wa.

Ga yadda za ka yi. Fara goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, saboda maiƙon yatsa shi ke sa rana ta yi wani hazo-hazo a hoto. Ka tsaya a kan babbar kyamarar wayar, wadda aka rubuta 1x, kar ka ja zum da yatsu. Ka danna sama a gefen rana, ba kan ranar ba, ka riƙe yatsanka har awon ya kulle, sannan ka ja alamar hasken ƙasa a hankali har jan ya dawo. Mutane da kwale-kwale za su zama baƙar siffa, kuma haka ake so. Idan wayarka tana da sashen Pro, sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, ka cire daidaita launi daga Auto ka kai shi 5500K zuwa 6000K. Auto ɗin nan shi ne ɓarawon jan: yana ganin ja ya yi yawa sai ya zuba shuɗi don ya “gyara”. In akwai RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara daga baya, kunna shi.

Sai dai muna zargin akwai abu na biyu, wato lokaci. Yawancin darussan da ake kalla a intanet mutanen Turai ne suka yi su, inda rana ke gangarowa a karkace tana jan ƙafa, har su samu awa guda na hasken zinare. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana a nan kusan a miƙe take faɗawa. Daga lokacin da ta yi laushi ta koma ruwan zinare zuwa faɗuwarta, kimanin minti 25 ne. Ƙwallon ranar kansa, daga ya taɓa ƙasa zuwa ya ɓace, bai cika minti uku ba. Bayan nan kana da minti 20 da 'yan kai na shafaƙi da shuɗin sama, kuma a cikinsu haske yana raguwa da rabi kusan duk minti uku. Duka-duka abin bai kai awa ɗaya ba.

A watan Nuwamba rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe 6:00, a ƙarshen Yuni da farkon Yuli kuwa sai wajen 6:55. Lokacin magariba da ke manhajar salla a wayarka ya ishe ka ma'auni: ka kasance a wurin awa ɗaya kafinsa, ka zaɓi inda za ka tsaya tun da sauran rana. In kana filin kuma, miƙe hannunka, ka jera yatsu huɗu tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. A nan yatsu huɗu wajen rabin awa ne. Littattafan waje suna cewa awa ɗaya, wanda ya bi su zai iske rana ta riga shi.

Ka gwada wannan sau uku. In har bayan haka abin da ke damunka shi ne kana son jawo masunci daga nesa, ko kana son buga hoton babba, to karanta amsa ta gaba.

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Ina son sayen kyamara ta hannu don sha'awa, ba don sana'a ba. An nuna mini Canon 600D, Nikon D3300 da Sony a6000. Wacce ta fi dacewa da hoton ruwa da yamma, kuma me zan duba kada a cuce ni?

Alhaji, duka ukun za su yi aikin, amma ba ɗaya suke ba. Canon 600D ta fito a 2011, megafiksel 18, tana da allo mai juyawa, wanda ke da amfani ƙwarai in ka sauke kyamara kusa da ruwa. Rauninta shi ne in ka ɗaga duhu da yawa a kwamfuta, sai inuwar ta yi yashi-yashi. Nikon D3300 da Sony a6000 duk na 2014 ne, megafiksel 24, kuma sensarsu, wato ɓangaren cikin kyamara da ke kama hoton, ta fi jure a ɗaga duhu, wanda shi ne ainihin abin da hoton faɗuwar rana ke buƙata. D3300 batirinta yana daɗewa, sai dai allonta ba ya motsi, kuma ba ta iya jera hotuna uku da kanta, ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske. Sai ka riƙa juyawa da hannu. Sony tana yin wannan, allonta yana ɗagowa, tana nuna maka yadda hoton zai fito kafin ka danna, amma tana shan batir kamar me, kuma da ka cire lensi sensarta a buɗe take ga ƙura. Da mu ne, don wannan aikin, Sony za mu ɗauka da batir biyu na ƙari. In kuma ka samu Nikon D5300 a kusan kuɗin, ita ta haɗa allo mai juyawa da jera hotunan.

Wajen dubawa, kar ka yarda da kyan jiki. Tafi da memori naka da tocila. Ka cire lensin, ka haska tocila ta bayansa ka leƙa ta gaba: in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ka bar shi, domin da ka fuskanci rana da shi hoton zai yi fari-fari. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce. Sannan ka mayar da lensin, ka sa ƙofar haske a f/22, ka ɗauki farin bango ko sarari, ka buɗe hoton sosai. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi da ba ya gushewa karce ne a sensa, wannan ba ciniki. Ka rufe lensin da murfinsa ka ɗauki hoto na daƙiƙa 10: ya kamata ya fito baƙi, ɗigon ja ko shuɗi kaɗan ba laifi, in sun cika hoton ka tafi wani shagon.

Tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Irin waɗannan ƙananan kyamarori ana kintata shotarsu, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, a kan wajen dannawa 100,000. A Nikon da Sony lissafin yana ɓoye a cikin bayanan kowane hoto, ana karanta shi a intanet. A Canon sai an jona ta da kwamfuta. Kyamarar da ta yi shekaru tana zagaya gidajen biki za ta iya yin kyau a ido alhali ta kusa ƙarewa.

Lensin da ke zuwa da ita, 18-55mm a Canon da Nikon, 16-50mm a Sony, ya isa ka fara. A f/8 yana da kaifi. Na biyu da za ka saya nan gaba shi ne mai jawo nesa, irin 55-200mm ko 55-250mm, saboda shi ke sa rana ta fito ƙatuwa a bayan kwale-kwale. Gargaɗi biyu a nan. D3300 da D5300 ba su da injin fokas a jikinsu, sai lensi mai nasa injin, wato mai alamar AF-S ko AF-P. In aka haɗa ka da tsohon 50mm f/1.8D, da hannu za ka riƙa saitawa. Na biyu, kada ka taɓa leƙa rana ta ramin ido na Canon ko Nikon da dogon lensi, gilashin yana tara hasken kai tsaye cikin idonka. Yi amfani da allo.

Farashi ba za mu faɗa ba, yana bin dala. Abin da za mu ce shi ne kar ka zuba kuɗin duka a kyamara. Ware kashi ɗaya cikin biyar don ƙafa-uku ta ɗora kyamara, batir da memori.

Wata 'yar'uwa daga Zoo Road: Ina da sandar da nake ɗora fitila da waya in ina tallan kaya. Na ɗora kyamara a kanta a bakin ruwa bayan faɗuwar rana, duk hotunan suka fito dishi-dishi. Kyamarar ce ko sandar?

Hajiya, sandar ce. An yi ta ne don ɗaki, inda babu iska, kuma dogon wuyanta siriri yana rawa ko da ido bai gani ba. Duba lissafin: a ISO 100 da f/8, kina fuskantar rana kafin ta faɗi, saurin shota yana wajen 1/500 zuwa 1/250 na daƙiƙa, hannu ma ya isa. Daidai faɗuwa ya sauko wajen 1/60. Bayan minti goma kina wajen 1/8. Bayan minti ashirin kin shiga daƙiƙa biyu zuwa huɗu, kafin rabin awa kuma kin kai daƙiƙa 15 ko 30. Waɗannan mafari ne, gajimare da hazo suna sauya su. A daƙiƙa huɗu, motsin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata hoto.

Ki nemi ƙafa-uku ta alminiyom wadda aka rubuta tana ɗaukar aƙalla ninki biyu na nauyin kyamararki da lensi. Kilo 4 zuwa 5 ya wadatar. Tsayinta ya kai miki ƙirji ba tare da kin zaro sandar tsakiya ba, kuma ƙafafunta su iya bajewa ta sauka ƙasa sosai. Kan ya zama na ƙarfe mai ƙwallo. A shago ki buɗe ta gaba ɗaya, ki dafa kan ki murɗa hagu da dama. In ta yi lanƙwasa ko ta yi ƙara, ki bar ta. Masu kan roba da dogon hannu, waɗanda ake bayarwa kyauta da kyamara, su ne ke karyewa a wata na biyu.

A bakin ruwa, ki danna ƙafafun cikin yashi ko laka har su zauna, in ba haka ba za su riƙa nutsewa a hankali ana tsakiyar ɗauka. Ki zaro gaɓar ƙasa kamar taƙi ɗaya don makullan su tsira daga laka. Ki kashe mai hana rawa na lensi, VR a Nikon, IS a Canon, OSS a Sony, domin a kan ƙafa-uku wani lokaci shi da kansa yake jawo rawar. Ki sa taima ta daƙiƙa biyu, ki danna ki janye hannu. Igiyar wuya ma ki naɗe ta, iska tana kaɗa ta. Fokas kuma ki saita shi tun da sauran haske ki mayar da shi na hannu, saboda da duhu ya shigo sai ya yi ta kai-kawo. In kin koma gida ki wanke ƙafafun da ruwa mai kyau, yashi a cikin makulli shi ke kashe su.

A kan gada, irin ta Tamburawa ko ta Wudil, ƙafa-uku ba ta hana komai in tirela ta wuce, gadar ce gaba ɗaya take girgiza. Ki sauka gaɓa.

Kafin kuɗin su samu, cika safa mai kauri da wake gwangwani huɗu, ki ɗaure bakin, ki ɗora a kan dutse ko katanga, ki zaunar da kyamarar a kai. Ta fi sandar fitilar nesa ba kusa ba.

Wani mai hoton biki daga Fagge: Mai shago ya ce in sayi filtar CPL, wai ita ce sirrin hoton ruwa. Gaskiya ne?

Malam, rabin gaskiya ce. Aikin CPL shi ne kashe ƙyallin da ke kan ruwa don a ga abin da ke ciki. Kai kuma da yamma ƙyallin nan kake nema, jan sama da inuwar gine-gine a kan ruwa. Ga shi ba ta yin tasiri a sama in ka fuskanci rana, sai rana tana gefenka, kuma tana cinye fiye da rabin hasken da kake lallaɓawa. Da hantsi tana da amfani. A goshin magariba cire ta, har da filtar UV mai arha da ke gaban lensin, domin ita ke haifar da koren ɗigon nan a gefen rana.

In kana son ruwa ya kwanta sumul kamar madara tun rana ba ta faɗi ba, filtar ND ake saya, wato baƙin gilashin da ke rage haske don shota ta daɗe a buɗe. ND64 tana mayar da 1/15 ya zama daƙiƙa huɗu, ND1000 tana mayar da 1/60 ya zama wajen daƙiƙa 16. Ka duba faɗin bakin lensinka kafin ka biya: 18-55mm na Canon 58mm ne, na Nikon 52mm ko 55mm gwargwadon samfurin. Amma bayan faɗuwar rana da minti ashirin, Allah ya ba ka ND kyauta.

Wata ma'aikaciya daga Gwale: Mu a Kano ba mu da teku kamar Legas. Ina za a je, kuma wane wata ya fi?

Ba mu da teku, amma ruwa muna da shi. Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana kimanin kilomita 70 kudu da birni, faɗinsa har ido ya gaji. Akwai Bagauda a wannan yankin, akwai Challawa a Ƙaraye, Watari a Bagwai, Thomas a wajen Ɗambatta, sai kogin Wudil da masuntansa da masu ɗiban yashi. A cikin gari kuma akwai kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, ko da yake an cike da yawansu an yi gini a kai.

Kada ki raina kududdufi. Babban ruwa irin Tiga iska ba ta barinsa ya kwanta, abin da za ki samu shi ne doguwar hanyar zinare daga rana zuwa ƙafarki. Ƙaramin ruwa da gidaje suka kare shi ne ke zama madubi, ya ɗauko hasumiyar masallaci da zankayen soro da bishiyar dabino a kife. Sirrin shi ne ki sauke kyamara. In kin kalli ruwa daga sama, kashi biyu cikin ɗari kawai na haske yake mayarwa, shi ya sa za ki ga kore da leda da kainuwa. In kin sauko da ita daidai gwiwa ko ƙasa da haka, sai ya koma madubi, dattin ma ya ɓuya a duhu. Ki kunna layukan allo ki daidaita bakin ruwan, domin ruwan da ya karkace ko kaɗan ido yana kama shi.

Gefen da za ki tsaya ya danganta da abin da kike so. In kina gabas da ruwan, kina fuskantar rana, za ki samu jan sama da baƙaƙen siffofi. In kina yamma da shi, rana tana bayanki, jan haske zai zuba a kan katangun ƙasa su yi kamar garwashi. Mutane da yawa ba sa waiwayawa, kuma sau tari hoton yana bayansu. Ki kuma sani rana ba wuri ɗaya take faɗuwa ba: a kamfas ɗin waya, wajen digiri 246 a Disamba, 270 a ƙarshen Maris da Satumba, 294 a Yuni. Wurin da ya yi miki kyau da sanyi zai iya ba ki kunya da damina.

Wata kuwa, mu Satumba da Oktoba muka fi so: ruwan sama ya wanke iska, dam-dam da kududdufai sun cika, ga ragowar gajimare da zai kama ja bayan rana ta ɓace. A Agusta sama takan rufe ruf, amma ranar da hadari ya yaye da la'asar, bar abin da kike yi ki fita. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan haɗiye rana tun tana sama da yatsu uku ko huɗu, babu ja babu shafaƙi. Ba asara ba ce: ki zo da wuri, ki sa dogon lensi, ranar za ta fito fara kamar faranti a bayan masunci. Sai dai kada ki canza lensi a fili a wannan lokacin, yi a cikin mota.

Dam wuri ne mai masu gadi, ki yi sallama ki nemi izini kafin ki kafa ƙafa-uku kusa da bangonsa. Masunta ki gaishe su ki tambaya, mata masu wanki da yara masu wanka kuma a kawar da kyamara daga kansu. Kada ki shiga ruwan da ƙafa, tsargiya ba wasa ba ce. Takalmin roba dogo ya fi. Kwale-kwale da almuru ba rigar ruwa, a'a, a tuna da haɗarin Bagwai na 2021. Ki tafi da maganin sauro, ki tafi da abokin tafiya, ki kuma lissafa cewa daga Tiga da dare za ki dawo.

Wani matashi daga Ɗorayi: Lokacin da sama ta fi kyau shi ne daidai kiran magariba. Yaya ake yi?

Ɗan'uwa, ka zo da alwalarka da dardumarka. Ka gama hotunan rana kafin ta faɗi, ka kafa ƙafa-uku, ka tsara hoton, ka kulle fokas. Da an kira salla ka rufe lensin ka yi sallarka. 'Yan mintunan farko bayan faɗuwar rana sama tana da haske da yawa, fitilun gari kuma ba su fito ba, don haka ba ka rasa wani abu mai yawa ba. Lokacin da hasken sama ke daidaita da na fitilu, shuɗi a sama, fitilu suna zuba a ruwa, yana zuwa ne wajen minti 15 zuwa 25 bayan faɗuwa, ka idar ke nan. In kuna da yawa, kayan su kasance a gabanku inda ido ke kai.

A wannan lokacin sa f/11, fitilu za su yi tsinke-tsinke kamar taurari; kar ka wuce f/16, kaifi yana raguwa kuma duk ƙurar sensa za ta bayyana. Fitilun sola na kan titi farare ne masu ɗan shuɗi, tsofaffin kuma ruwan lemo, ba za su taɓa daidaita a launi ɗaya ba, don haka ka ɗauka a RAW, ka fara da 4000K zuwa 4500K, ka gyara a gida. Duk minti biyu ka sake duba awo ka ƙara tsawon shota. Da ka ga sama ta koma baƙa a allo, fitilu sun zama fararen dunƙule, ka naɗe kaya. Tocilar goshi tana taimakawa wajen nemo murfin lensi a cikin ciyawa.